Shin Wata Gawa Ta Fi Wata Gawa Ne?

Malamanmu na adabi sun sha gaya mana cewa in an ba mutum labari, kada ya tsaya ga abin da aka faɗa kurum. Ya duba wa aka sa a gaba, wa aka bari a baya, da kuma irin sunan da aka laƙaba wa kowa. A cikin wannan 'yar maƙala ina so in ari wannan ma'auni na tarke, in ɗora shi a kan wani abu da ba a saba kawowa aji ba, wato kukan da manyan ƙasashen duniya da kafofin watsa labarunsu kan yi idan an keta haddin ɗan Adam. Abin da nake son nunawa shi ne, wannan kuka ba ya bin yawan gawa ko munin kisa, labari yake bi. In mutuwar mutum ta dace da wata tatsuniya da duniya ta riga ta haddace, sai a yi masa zaman makoki har a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. In kuwa ba ta dace ba, to, danginsa su haƙa rami su rufe shi, gari ya waye kowa ya kama gabansa.

Bari mu fara daga gida, tun da an ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A watan Oktoba na 2021 'yan bindiga suka faɗa wa kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, suka kashe mutum 43 bisa ƙidayar gwamnatin jiha. Ba a cika wata biyu ba, a cikin Disamba, suka tare wata motar haya da ta taso daga Sabon Birni, a kusa da ƙauyen Gidan Bawa, suka cinna mata wuta da fasinjojinta a ciki. Hukuma ta ce mutum 23 suka ƙone. Wata biyar bayan haka, ranar 12 ga Mayu 2022, wasu ɗalibai a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari a nan cikin garin Sakkwato suka jefe wata ɗaliba Kirista bisa zargin ɓatanci, suka ƙona gawarta. Kafin kwana biyu labarin ya game duniya, jakadu sun yi magana, manyan jaridun Ingila da na Amurka sun buga, ƙungiyoyin kare haƙƙi sun fitar da sanarwa.

Kada mai karatu ya yi mini gurguwar fahimta. Kisan wannan ɗaliba ta'asa ce, Majalisar Sarkin Musulmi ma ta yi tir da shi a ranar, kuma duk kukan da aka yi mata ta cancance shi. Tambayata ita ce, ina kukan mutanen Gidan Bawa? Wuta dai ita ce wuta, jihar ɗaya ce, tsakanin abubuwan biyu wata biyar ne. Amsar tana cikin zubin labarin. Na farko yana da tauraruwa mai suna da hoto, yana da jigon da Bature ya sani tun yana makaranta, wato Musulmi da Kirista. Na biyu kuwa ba tauraro, adadi ne kawai. Wanda ya kashe Musulmi ne, wanda aka kashe Musulmi ne, kuma in editan Landan ya tambayi dalili, sai an kai shi ga maganar burtali da satar shanu da 'yan sa-kai da haƙar zinariya a Zamfara. Wa ke da lokacin wannan doguwar shimfiɗa? Har sunan da aka ba makasan ya taimaka wajen rage nauyin abin, don kalmar da jaridun Turanci ke kiran su da ita, ma'anarta ba ta wuce ɗan fashin hanya ba. Sai a Nuwamba 2021 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda, bayan an shafe shekaru ana tayar da garuruwa.

Wannan ɗabi'a ba a Sakkwato ta fara ba. Ranar 25 ga Fabrairu 2014 'yan Boko Haram suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a Jihar Yobe da dare, suka kashe yara maza 59, wasu a cikin ɗakunan kwanansu da aka sa wa wuta. Bayan mako bakwai suka sace 'yan mata 276 a Chibok. Kowa ya san abin da ya biyo baya, har uwargidan shugaban Amurka ta lokacin, Michelle Obama, ta ɗaga kwali a fadar White House tana neman a dawo da su. Madalla da wannan. Amma yaran Buni Yadi fa, waɗanda ba sace su aka yi ba, yanka su aka yi? Su labarinsu ya riga ya ƙare tun daren, ba a jiran kashi na biyu, kuma mai sauraro ba ya son labarin da ba shi da sauran ɗoki.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne makon farko na Janairu 2015. Daga ranar 3 ga wata Boko Haram ta mamaye Baga a bakin Tafkin Chadi, ta yi kwanaki tana kisa. Sojoji sun ce mutum 150 suka mutu, wasu mutanen yankin sun ce abin ya doshi 2,000, hotunan tauraron ɗan Adam da ƙungiyar Amnesty ta fitar kuma sun nuna gine-gine sama da 3,700 da aka ƙona ko aka rusa a Baga da Doron Baga. A cikin wannan makon, ranar 7 ga wata, aka kashe mutum 12 a ofishin jaridar Charlie Hebdo a birnin Paris. Ranar 11 ga wata shugabannin ƙasashe sama da 40 suka yi jerin gwano a Paris, hannu cikin hannu. A cikinsu har da Mahamadou Issoufou na Nijar, wanda iyakar ƙasarsa ke kusa da Baga. Shugaban Nijeriya na lokacin, Goodluck Jonathan, ya aika wa Faransa ta'aziyya nan da nan, amma ya yi kwanaki bai ce uffan ba game da Baga. To, in uwar gawa ta tafi makokin maƙwabta ta bar tata a ɗaki, da wane baki za a zargi baƙo don bai zo gaisuwa ba?

Akwai kuma wani sharaɗi da ya fi na zubin labari ƙarfi, wato wane ne ya yi kisan. In abokin gaba ne, laifin kan zama na ƙin jinin bil'adama. In aboki ne, sai ya koma kuskure. A Disamba 2015 sojoji suka yi arangama da mabiya Shi'a a Zariya, daga baya jami'in gwamnatin Kaduna ya shaida wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka binne a rami guda. A Janairu 2017 jirgin yaƙi ya jefa bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann, mutum sama da 100 suka halaka, amma kafin shekarar ta ƙare Amurka ta amince ta sayar wa Nijeriya jiragen yaƙi 12 ƙirar Super Tucano. A Disamba 2023 jirgi maras matuƙi ya kashe masu Mauludi aƙalla 85 a Tudun Biri. A nan jiharmu, ranar 25 ga Disamba 2024, bam ya faɗa wa ƙauyuka biyu a ƙaramar hukumar Silame, aka yi jana'izar mutum 10. A duk waɗannan an ji kalmomin juyayi da alkawarin bincike, daga nan shiru.

Kwatanta wannan da saurin da aka yi a kan Yukren. Rasha ta kai hari ranar 24 ga Fabrairu 2022, kwana huɗu bayan haka hukumar FIFA ta dakatar da ita daga wasannin ƙwallo, cikin wata 13 kotun hukunta manyan laifuka ta duniya ta ba da sammacin kama Putin. Ashe duniya ta iya sauri in ta so! A daidai wannan lokaci ana gwabza yaƙin Tigray a Habasha, wanda Obasanjo, da ya shiga tsakani, ya ƙiyasta ya ci rai kusan 600,000, amma da ƙyar yake samun gurbi a shafin ciki.

Wani zai ce, to ai yanzu duniya ta waiwayo Sakkwato. Haka ne, amma duba da labarin da ta zo. A ƙarshen Oktoba 2025 Shugaba Trump ya sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da ake tauye 'yancin addini, yana cewa ana yi wa Kiristoci kisan ƙare dangi. Ranar Kirsimeti ta wannan shekarar Amurka ta harba makamai masu linzami a Jihar Sakkwato, da yardar gwamnatin tarayya, aka ce an nufi sansanonin 'yan ta'adda a yankin Tangaza, ɓaraguzai kuma suka faɗo a gonakin Jabo. Babu mai musun cewa an kashe Kiristoci da yawa a ƙasar nan. Ga cocin Owo a Yuni 2022, ga Yelwata a Jihar Binuwai a Yuni 2025. Sai dai mutanen Tangaza da Gudu da Isa da Sabon Birni, waɗanda suka yi shekaru suna biyan 'yan bindiga haraji kafin su shiga gonarsu, kusan dukansu Musulmi ne. Da aka tashi kawo wuta ƙasarsu, ba don su aka kawo ta ba, kuma ba sunansu aka ambata ba. A harshen adabi, an ari ƙasarsu a matsayin dandali, an bar su a matsayin 'yan kallo.

Amma fa laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Mu ma muna da tatsuniyoyin da muka haddace. Tun daga Oktoba 2023 an yi ta gangami da addu'o'i a garuruwan Arewa saboda Gaza, kuma abin da aka yi wa Falasɗinawa ya isa a yi masa fiye da haka. To amma me ya sa harshenmu kan yi nauyi idan gawar ta mutumin Filato ce ko ta Binuwai? Me ya sa wasu daga cikinmu suka yi shiru a kan Zariya don kawai aƙidar mamatan ba tasu ba ce? Shi dai ma'aunin da muke zargin Bature da shi, shi ne a aljihunmu, sai dai mun juya shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Sudan. Yaƙin da ya ɓarke can a Afrilu 2023 ya raba mutum sama da miliyan 10 da gidajensu, kuma kisan da aka yi a El Fasher a Oktoba 2025 ya kai har ana hango alamarsa daga sararin sama. Musulmi ne ke kashe Musulmi, saboda haka labarin bai shiga tatsuniyar Bature ba, bai kuma shiga tamu ba. Tun kafin wannan ma, a Yuli 2022, rikicin fili da na sarauta ya tashi a Jihar Blue Nile tsakanin Hausawa da wasu ƙabilun yankin, mutum sama da 100 suka mutu. A Oktoba ya sake tashi a Wad al-Mahi, aka rasa sama da 200 cikin 'yan kwanaki. Hausawan Sudan sun fita zanga-zanga a Khartoum da Kassala da Port Sudan, don ana ce musu baƙi ne da ba su da haƙƙin mallakar ƙasa.

Su wane ne waɗannan Hausawa? Da yawansu jikokin mahajjata ne da suka yada zango a hanyar Makka, wasu kuma jikokin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya hijira bayan Turawa sun ci Sakkwato a Maris 1903. Da aka kashe shi a Burmi cikin Yuli na wannan shekara, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a gabas, suka kafa gari a bakin kogin Blue Nile, wanda har yau da sunansa ake kiran sa. Daga ƙofar jami'ar nan zuwa Wurno ɗin da aka samo wannan laƙabi, tafiyar mota ce ta safiya guda. Jakadu ba su yi jerin gwano saboda mutanen Wad al-Mahi ba, mu ma da muke dangin jini ba mu yi ba.