Tayil a fuskar gidan ƙasa

Duk wanda ya sauka daga titin Zariya zuwa Kano a Tashar Yari ya nufi Maƙarfi, ko ya zarce Ikara ya ratsa garuruwa irin su Janfalan, zai ga wani yayi da ya kama masu gida a 'yan shekarun nan. Da an sayar da rake ko masara ko tumatir, kuɗi sun zauna a aljihu, sai a aika a kira mai tayil. A liƙe fuskar gida tun daga ƙasa har sama, wani baƙi mai sheƙi, wani mai zanen jan bulo na ƙarya. A rushe dakali don aikin ya sauka sumul, a kafa ƙaton get na ƙarfe. Ni dai ban ga kyan abin ba, kuma ba zancen ido kaɗai nake yi ba. Dukiya ce ake mannawa a inda ba za ta zauna ba.

Yawancin gidajen da ake yi wa wannan ado ginin ƙasa ne, ko kuma bulon da aka buga da rowar siminti. To siminti da jar ƙasa ba su taɓa zama abu ɗaya ba. Rana ta gasa bango, sanyin dare ya biyo baya, a hankali sai 'yar siririyar tsaga ta buɗe tsakanin layin tayil. Hadarin yankinmu kuwa galibi daga gabas yake tasowa, da iska mai kaɗa ruwa a karkace, ya tsaya yana dukan bango. Ruwan ya bi tsagar, ko ya gangaro ta saman katangar da ba a rufe ba, ya kwanta a baya. Yaɓen ƙasa in ya jiƙe, rana na fitowa ya bushe. Tayil ba ya barin danshi ya fita. Ka je ka ƙwanƙwasa irin wannan bango da bayan yatsa bayan damina biyu ko uku, za ka ji wani wuri yana amsawa fanko. Nan ne zai ɓamɓaro a markar Agusta, kuma ba shi kaɗai yake faɗowa ba, da rabin naman bangon yake tahowa. Sai maigida ya kira magini yana faɗa, shi kuma ya ce, "Alhaji, ai na gaya maka tun farko ƙasa ba ta riƙe siminti." Wani lokaci ya faɗa ɗin, wani lokaci bai faɗa ba, don shi ma kuɗin aikinsa yake nema.

Maginan dā sun san wannan ruwa, kuma da shi suke lissafi. Makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa ana kwaɓa ta da ƙasa a shafe bango don ruwa ya riƙa zamewa. Masu hali suna yin laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara. Indararo kuma a yi shi da tsawo, ya watsa ruwan soro nesa da gindin gini. A kan wannan shafe ne ake fitar da zayyana a kewayen ƙofar zaure, da hannu, tun yaɓen yana ɗanye, sannan a tayar da zankwaye a kusurwoyi. Ado da kariya aiki ɗaya ne, mutum ɗaya ne yake yin su.

Kuma mu mutanen ƙasar Zazzau ba mu da uzurin cewa ba mu gada ba. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830, da ƙasa da azara, ginin da masana gine-gine daga ƙasashen waje suka yi ta zuwa suna aunawa suna zanawa. Bature Friedrich Schwerdtfeger ya rubuta littafi sukutum a kan adon fuskar gidajen birnin Zariya. Abin da ya fi burge ni a tarihin wannan sana'a shi ne ba ta taɓa gudun sabon abu ba. Da siminti da fenti suka shigo, magina suka karɓa suka ci gaba da zayyana da su. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce har keke da mota da jirgin sama sun hau bangon gidajen 'yan kasuwa, gefe da gefe da dagi. Mai gida yana faɗa wa duniya ko shi wane ne, maginin unguwa yana rubuta masa. Tayil ba ya faɗin komai game da kai, illa cewa ka je Sabon Gari ka sayo katan-katan, irin wanda maƙwabcinka ma zai sayo gobe.

Na san abin da za a ce mini, kuma akwai gaskiya a ciki. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, samarin da za su kwaɓa ƙasa kuwa sun koma acaɓa. Gidan ƙasa ya zama alamar rashi a idon mutane, har mai neman aure ma ana kallon ƙofar gidansu kafin a kalle shi. Ruftawar wani sashe na masallacin Zariya a Agustan 2023, inda aka rasa rayuka, Allah ya jiƙansu, ta ƙara tsorata jama'a da tsohon gini. Doguwar katanga da get kuma ba don alfahari kawai ake yin su ba, kowa ya san halin tsaro da ake ciki. Ban ce kowa ya koma tubali ba. Wanda ya samu hali ya yi ginin bulo mai kyau, Allah ya sanya alheri. Abin da nake ja a kai shi ne a ɗauki kuɗin noman shekara guda a rufe ciwo da kwalliya.

Babbar asarar ma a wurina ita ce dakali. A ƙauyukanmu dakali ne majalisa. Nan dattijo ke zama bayan la'asar da carbi da rediyo, mai wucewa ya rage tafiya ya ce, "Baba, barka da hutawa," a tambayi gona, a ji wa ya haihu, wa ke kwance. Nan ake shimfiɗa tabarmi ranar suna da ranar zaman makoki. Nan mai tallan fura ke sauke ƙwarya, almajiri ya fake wa rana. Baƙo ya yi sallama ya jira a zaure ba tare da ya ga cikin gida ba, mata suna harkarsu a sake. Yanzu je ka gidan da aka yi wa sabon gyara. Babu wurin zama, babu inuwa, don an sare dogon yaron da ke ƙofar gida wai yana zubar da ganye a kan intalok. Da rana tsaka a watan Afrilu baƙin tayil ɗin nan ko taɓa shi ba ka iya yi. Sai ka tsaya a waje kana buga ƙarfe kamar mai bin bashi, yaro ya buɗe, sai ga ka tsulum a tsakar gida, matar gida tana rarumar mayafi. Maigidan da ya kashe kuɗin kuwa, da yamma za ka same shi a dakalin maƙwabcinsa da bai yi gyara ba.

Da ni za a tambaya, da rabin kuɗin nan an yi abin da ya fi. A fara da gindin bango, a ɗaure shi da dutse ko jan bulo na gaske, ƙonanne, zuwa kamar gwiwa, don nan ne ruwan da ke fallatsa yake ci. A sa kafinta ya fito da bakin kwano sosai ya yi wa bango rumfa, a gyara kwata ruwa ya daina kwanciya. In bangon bulo ne, filasta mai kyau da fenti mai haske sun isa, tunda ƙurar hunturu ba ta bar kowane launi ba, gara wanda za a iya sabuntawa da arha. Jan bulo na gaske kuwa ko fenti ba ya so. Sannan a bar wa magini faɗin kamu biyu ko uku a saman ƙofa ya fitar da zayyana da siminti, a bar dakali, a dasa itace. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, ai ko don aljihu ya kamata a sake lissafi.

Mutane abin da suka gani a gidan manya suke kwaikwaya. Ƙofar fadar Sarkin Zazzau da zayyanarta mai launuka har yau matasa suna tsayawa ɗaukar hoto a gabanta. Da ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan za su riƙa ba maginan gida aikin ƙofar makarantu da asibitoci da kasuwanni a yi musu irin wannan ado, da tsofaffin da suka iya sun samu yaran koyo tun suna da ƙarfin riƙe cokalin gini.