Yadda Ake Ɗora Labari a Kan Labarin Wani

Akwai marubutan da ba sa farawa da ƙirƙirar jarumi. A shirye suke iske shi, cikin wani littafi ko fim mai dogon zango da ya shiga ransu, sai su ci gaba da ba shi rayuwa daga inda mai shi ya tsaya. Wannan shi ne labarin ɗori. Ɗaya daga cikin manyan taskokinsa, Archive of Our Own, 'yan sa kai ne ke riƙe da ita, ba a sayar da labari a cikinta, amma a 2019 ta ci kyautar Hugo, wadda aka saba bai wa ƙwararrun marubutan ƙagaggun labaran kimiyya.

Mai hange daga nesa zai ce ai an riga an yi musu rabin aiki. To, ya matso ya ga yadda gwanar abin take farawa. Kafin ta rubuta kalma ɗaya, sai ta koma asalin labarin da biro da ɗan littafi a hannu, ta kasa kunne ga jarumin. Maganarsa gajera ce ko mai tsawo? In ya fusata murya yake ɗagawa, ko shiru yake yi? Wa yake kira da suna gatsal, wa yake sakayawa? Abin da ya fi burge ni, har abin da ba ya taɓa furtawa tana rubutawa. Mutumin da bakinsa bai taɓa cewa "yi haƙuri" ba, in za ta sa shi neman gafara, dole ta nemo hanyar da ta dace da halinsa: ya gyara ƙofar da ta lalace, ya ajiye ƙunshin tsire a bakin ɗaki, ya wuce bai ce uffan ba. Masu karatu sun haddace shi, kalma ɗaya da ba tasa ba ta isa su ce sam, ba shi ba ne.

Sai neman giɓi. Kowane labari yana da inda ya tsallake: shekarun da aka dunƙule cikin "bayan wani lokaci", ƙanwar da ta leƙo aka manta da ita, daren da ke tsakanin rigima da sulhu. Nan take kafa nata. Tana jera abubuwan da suka faru bi da bi, gudun kada wanda aka binne a kashi na goma ya halarci bikin da aka yi a na sha biyu. In babi ya kammala ba ta sakinsa sai mai dubawa ta gani, wato wata ma'abociyar labarin da ke tace kuskure kyauta. Daga nan a riƙa fitar da shi babi-babi, kamar yadda marubutanmu na Hausa suke yi a Wattpad da WhatsApp. Malalaci kuwa sanannun sunaye kawai yake liƙawa a kan labarin da ba ruwansa da masu sunan.

Ranar da gwanar ta yi niyyar buga littafi don sayarwa, wani aikin ne sabo. Jaruman wani suna ƙarƙashin haƙƙin mallakarsa, ba a kai su kasuwa. Anna Todd, 'yar Amurka, ta fara rubuta After a 2013 a Wattpad, akasari da wayarta, jaruminta kuma mawaƙi Harry Styles ne. Da kamfanin Simon & Schuster ya buga shi a 2014, jarumin ya koma Hardin Scott. Amma sauya suna shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Mai labarin ɗori kamar ɗan haya ne da ya tarar da ɗaki da rufinsa. Yanzu sai ya haƙa harsashi da kansa. Masu karatun gwanar na da sun zo ne suna son jarumin tun kafin layin farko. Mai sayen littafi bai san shi ba, ba kuma dolensa ba ne ya so shi. Don haka duk abin da ta saba tsallakewa sai ta rubuta shi: kamanninsa, gidansu, abin da ya mai da shi mai taurin kai. Ta kuma datse tunin da take yi a farkon kowane babi don wanda ya manta na makon jiya, ta rage jan rai da ke ƙarshensa, domin mai littafi a hannu shafi kawai zai juya. Abubakar Imam ya san irin wannan aiki: a Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai, ya zaunar da su cikin al'adar Hausa har aron ya ɓace.

Da yawa daga cikin gwanayen ba sa bin wannan hanya, kuma ina ganin suna da hujja, domin a labarin ɗori babu edita mai ƙayyade shafi, babu ranar da dole a miƙa. Wadda ta zaɓi bugawa kuwa, gwajinta na ƙarshe shi ne ta ba wanda bai taɓa sanin asalin labarin ba ya karanta. Duk inda ya ɗago kai ya ce "Wannan kuma wane ne?", ta sa jan biro a wurin, ta koma ta sake rubuta babin.