Tallar Man Shafawa a Rediyon Zango: Sharhi a Kan Kalmar "Oganik"

Tallar man shafawa tana cikin rubutun Hausa da aka fi saurare a Nima da Maamobi, amma ban taɓa ganin wanda ya zauna ya yi mata sharhi ba. Muna yi wa littafi sharhi, muna yi wa fim ɗin Kano, alhali littafin 'yan ƙalilan ne za su karanta shi a Zangon nan. Ita kuwa talla tana shiga kunnen mai tuyar ƙosai tun asuba, ta bi fasinja cikin motar trotro, da dare kuma ta dawo ta WhatsApp a muryar wata Hajiya. Wani ne ya zauna ya zaɓi kalmominta ɗaya bayan ɗaya. Abin da aka rubuta da niyya kuwa ya cancanci a karanta shi da niyya.

Aikina magana ce a gaban makirfo, don haka kunnena ya saba da ginin talla. Ta man shafawa da sallama take farawa, wani lokaci har da salati, don mai sauraro ya saki jiki. Sai kirari ga mai haɗin: uwar amare, mai hannun zinariya, wadda ta gaji sana'ar daga kaka. Daga nan murya ta yi ƙasa, a shigo da tsoro. Maigida ya fara daɗewa a waje, an ce yana neman aure, ke kina zaune fatarki ta dushe. Sai a sako muryar wata da ta gwada, tana rantsuwa cewa kwana bakwai kacal mutanen gidansu suka kasa gane ta. A rufe da lambar waya sau uku. Gaskiya akwai gwaninta a ciki. Salon maroƙa ne da 'yan ma'abba, an ɗora shi a kan kiɗan zamani, kuma mai karantawa yana tsallakawa daga Hausa zuwa Twi zuwa Turanci a numfashi ɗaya, kamar yadda ake ciniki a kasuwar Nima ranar Laraba. Marubutanmu da yawa ba su kai masu tallar nan sanin kunnen mutanen Zango ba.

Inda na tsaya shi ne kalmomin. A da, mai sayarwa ba ta kwana-kwana, mai na sa fari take cewa. A watan Agustan 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana, wato FDA, ta hana shigo da man shafawa mai ɗauke da sinadarin haidirokwinon, shekara guda bayan Kodebuwa ta kafa irin wannan doka. Man bai bar kasuwa ba. Kalmar "bilicin" ce ta bar bakin masu talla, wasu suka maye gurbinta: tonin, haske, sheƙi, goge dauɗa. Wadda ta fi kowacce dabara ita ce "fito da asalin kalarki". A duba abin da jimlar nan ke ɗauke da shi. Tana cewa fatar da aka haife ki da ita ba taki ba ce, rana ce da wahala suka lulluɓe ki, ke ta gaskiya tana can ƙarƙashi, fara. Mace mai tsoron Allah da ba za ta yarda ta canza halitta ba, an ba ta hanyar da za ta saya hankalinta kwance, domin an gaya mata komawa asali take yi. Manyan kamfanonin duniya ma haka suka yi. A 2020 kamfanin Unilever ya sauya sunan man Fair & Lovely zuwa Glow & Lovely, fari ya koma sheƙi a jikin kwalin.

Sai uwar kalmomin, "oganik", da 'yar'uwarta "na gargajiya". A nan tallar take shiga ɗakin kaka ta aro kaya: man kaɗanya, sabulun salo, kurkum, zuma, dilka irin ta Sudan. Sunaye ne da ba a yi musu gardama, domin da su aka yi mana wankan jego, da su aka gyara iyayenmu ranar aure. Kuma kaya ne na ƙwarai. Man kaɗen da matan Tamale da Wa da Bolgatanga ke yi da hannu, daga tsintar 'ya'yan zuwa suya da niƙa da kirɓawa, shi ne wanda kamfanonin Turai ke saye su zuba a kwalabe masu tsada. Ƙungiyar masu harkar kaɗanya ta duniya, Global Shea Alliance, da aka kafa a 2011, a nan birnin Accra ofishinta yake, garin da kakanninmu ke kira Ankara. Sabulun salo, wanda maƙwabtanmu ke ce wa alata samina, tokar ɓawon koko ce ko ta ɓawon ayaba da man alayyadi ko na kaɗe. Man kaɗe yana riƙe danshi, ya hana kaushi da faso lokacin hunturu. Sabulun salo yana wanke maiƙo. Dilka tana kankare matacciyar fata, jiki ya yi laushi. Duk cikinsu babu mai mayar da baƙa fara.

Fatar mutum tana ɗaukar kimanin mako huɗu kafin ta sabunta kanta. To wane ganye ne zai canza launi a kwana bakwai? Idan haɗi ya cika wannan alkawari, akwai abin da aka zuba a ciki da ba a faɗa ba, kuma yawanci ɗaya ne cikin uku. Haidirokwinon yana hana fata yin sinadarin melanin, wanda shi ne ke ba ta launi, shi ne kuma laimarta a ƙarƙashin ranar Accra. Idan aka daɗe ana shafa shi, sai ya juya ya bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi, irin wanda ke da wuyar magani. Zaiba, wadda likitoci ke kira makuri, tana ratsa fata ta taɓa ƙoda da jijiyoyi, tana bin tawul da zanin gado ta kai ga yara, tana kuma isa ga ɗan da ke ciki. Saboda irin wannan ne ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Minamata suka amince a 2023 a daina zuba ta a kayan kwalliya gaba ɗaya. Na ukun shi ne ya fi yawo a hannun masu haɗi, wato maganin sitiroyid mai ƙarfi irin su kulobetasol, wanda likita ke rubutawa don ciwon fata na ɗan lokaci. Ana matse shi daga ɗan bututunsa a juye cikin man kaɗe, a zuba turare, a liƙa takarda mai hoton ganye. Shi ne mai saurin aiki, domin yana tsuke ƙananan jijiyoyin jini, fata ta yi fayau nan da nan. Bayan watanni fata ta yi siriri, jijiya ta fito kore, nankarwa ta tsaga cinya da damtse, makero da ƙuraje su samu wurin zama. Yana iya jawo hawan jini da ciwon sukari. Rauni kuma ba ya saurin warkewa a irin wannan fata, abin da ke tayar wa likitoci hankali idan haihuwa ta zo da tiyata.

Wata uwa ta taɓa kiran shirina a kan 'yarta. An yi mata gyaran jiki na mako biyu kafin biki, da haɗin da aka rantse mata na gargajiya ne zalla. Ranar ɗaurin aure kowa ya yaba. Da amarya ta tare, man ya ƙare, sai fuska ta yi ja, ta kama zafi da ƙaiƙayi, ƙuraje suka feso. Ta koma wurin mai haɗin, aka ce mata ai dauɗar ce ke fita, ta ƙara sayen wata kwalba. Tana shafawa sai abin ya lafa. Uwar tambayata take yi ko sammu ne. Likitan fata da muka gayyato a mako na gaba ya ce wannan sananniyar alama ce ta fatar da ta saba da sitiroyid: in an daina ta yi bore, in an koma ta kwanta. Mai saye ba ta da mafita sai ta dawo. Wannan sashe na labarin ba ya shiga talla, kuma muryar mai ba da shaida kullum a kwana na bakwai ake naɗar ta, ba a wata na bakwai ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake duk abin da ya fito daga ƙasa lafiya ne. Wannan ma wata ƙaryar ce da kalmar oganik ke shigowa da ita. Kwallin dutse da muke ranɓaɗa wa jarirai ranar suna, daga ƙasa aka haƙo shi, kuma yawancinsa dalma ce. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka gwada tozalin da ake sa masa sai aka ga fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Wanda ya tuna yaran Zamfara na 2010 ya san abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar yaro. Jan lalle ganye ne. Baƙin da ake zana wa amare kuwa, mai kamawa cikin minti kaɗan, sau da yawa dayis ne na rina gashi, kuma yana tayar wa wasu da bororo ya bar zanen a matsayin tabo. Lemun tsami da ake cewa a goga a fuska yana ƙona fata idan rana ta same shi. Ko sabulun salo ma, in ya yi kaifi, yana busar da fatar wasu.

Yanzu bari in juyo gida, domin masu rubutu ne za su fi karanta wannan. Mai talla ba ita ta ƙirƙiro kasuwar ba, tarar da ita ta yi. A buɗe littattafan soyayya da muke turawa juna a waya, a duba yadda ake gabatar da tauraruwa: fara sol, doguwa, hanci har baka, gashi har gadon baya, kamar Balarabiya ko 'yar Indiya. Baƙar mace in ta fito, ko kishiya ce mai bin boka, ko 'yar aiki, ko kuma marubuciya ta yi mata uzuri da cewa baƙa ce amma kyakkyawa. Wannan "amma" ɗin ta sayar da man bilicin fiye da kowace talla. Harshenmu yana da wankan tarwaɗa, yana da baƙi mai sheƙi, amma karin maganar da samari suka fi riƙewa ita ce farar mace alkyabbar mata, da fara ko mayya ce. Namijin da ke dariyar mai fuskar Fanta da ƙafar Coke, a tambaye shi wace iri ya ce a nemo masa da zai yi aure. Maza ma ba a bar su a baya ba wajen shafawa. Duk Gana ta ga yadda ɗan damben nan Bukom Banku ya fito fili da nasa a 2016.

Masu yaƙi da bilicin ma ina da magana da su. Gangamin da jarumar fim Ama K. Abebrese ta yi na son launin fatar da aka haifi mutum da ita abin yabo ne, gargaɗin da FDA ta yi a 2018 ga masu ciki da ke shan ƙwayar gulutatayon wai don jariri ya fito fari shi ma ya zo a kan gaɓa. Sai dai yawancin wannan magana da Turanci ake yin ta, a talabijin da allunan manyan tituna. Mai haɗi kuwa da Hausar Zango take magana, ta san sunan 'yarki, ta zo sunan jikanki, kuma tana ba da bashi. Idan wa'azi ya zo da Hausa, sau da yawa da gori yake zuwa, mace ta ji kunya ta ɓoye kwalbar a ƙasan akwati ta ci gaba da shafawa da dare.

Mai sayen man kaɗe na gaskiya ba ta bukatar kowa ya yi mata talla. Tana ganinsa a ƙwarya ko a roba, launinsa fari-fari mai ratsin rawaya, ko rawaya sosai in an dafa shi da saiwar borututu, yana da ɗan ƙaurin hayaƙi, yana narkewa a tafin hannu. Ta san abu ɗaya ne a ciki. Matsala tana farawa ne daga kwalbar da ba a rubuta abin da ke cikinta ba, ba sunan wanda ya yi, ba lambar rajistar FDA, sai hoton ganye da lambar waya. Ko mai rubutun ce, gara a fara gwada ɗan kaɗan a cikin damtse a jira kwana biyu. Wadda kuma ta daɗe a kan haɗi, kada ta yanke shi rana ɗaya ita kaɗai, ta je asibitin Maamobi ko sashen fata na Korle Bu a sauke ta a hankali.

Doka a Gana ta ce sai FDA ta tantance tallar irin waɗannan kaya kafin a sa ta, shi ya sa ake jin wata jimla a ƙarshen talla da ke cewa hukumar ta duba ta amince. Da Turanci ake karanta ta, da gudu, bayan an gama kirari da Hausa a tsanake. Wadda ke yawo a WhatsApp kuwa ko wannan ba ta da shi. Abin da nake nema daga abokan aikina na gidajen rediyo shi ne a karanta jimlar nan da Hausa, da irin muryar da aka karanta kirarin, a kuma ambaci abin da ke cikin kwalbar ɗaya bayan ɗaya. A shirina, duk mai haɗin da ta nemi fili nakan roƙe ta ta zo da takardar rajista da jerin kayan haɗinta, mu karanta wa masu sauraro tare. Wasu sukan ce sirrin sana'a ne. Wasu sukan ce za su kawo ranar Litinin.