Gwanintar Tono Asalin Kiɗa

Wanda ya ji jitar Mdou Moctar tana kurma ihu a faifan Afrique Victime na 2021, da salon rok mai juya ƙwaƙwalwa, da wuya ya yarda cewa a Sakkwato wannan Ba'abzine na Nijar ya naɗi kundinsa na farko. A 2008 ya yi Anar a can: waƙoƙi da harshen Tamashek, gangar kwamfuta, da muryar da aka tace da na'ura irin ta waƙoƙin fina-finanmu. Daga waya zuwa waya kundin ya riƙa yawo har ya kai Mali.

Mai tattarawa ne ya ceto wannan gwaji daga ɓata. Christopher Kirkley, Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds, ya kwashi waƙoƙi daga memorin wayoyin jama'a a arewacin Mali, ya sa "Tahoultine" ta Mdou cikin Music from Saharan Cellphones a 2011, ya kuma fitar da Anar a faifai a 2014. Shi ne ya fito da kiɗan ogan da Mamman Sani ya naɗa a Yamai a 1978.

Aikin na masu haƙuri ne. Waƙa takan zo babu sunan mawaƙi, babu shekara. Sai gwani ya riƙa kunna wa direbobi da masu shayi, yana tambaya, har a samu wanda ya gane muryar. Idan kaset ne, zai goge kan rikoda da sifirit, ya warware zaren da ya cukurkuɗe da biro, ya ɗinke inda ya tsinke. Idan ya samu kwafi uku na waƙa ɗaya, ya saurare su bi da bi ya zaɓi mafi tsabta. Yana rage ƙarar shuu da hannu mai sauƙi, domin in ya matsa, zaƙin jitar ma tafiya zai yi.

Jerantawa ce ƙololuwar gwanintar. Gwani ya san waƙar da za ta buɗe da wadda za ta biyo, yadda mai sauraro zai ji makaɗi yana lalube, yana gwada wannan ya saki wancan, har ya kama muryarsa. Daga nan sai ya nemo mai waƙar, a yi yarjejeniya, a biya shi haƙƙinsa.

A Jalingo ma akwai wannan arziki. Kasakasan makaɗan Mumuye, Jukunawa, Fulani da Hausawa tun zamanin jihar Gongola suna jibge a kwalaye, zafi da ƙura na cin su. Matasanmu masu tura waƙoƙi a waya sun riga sun iya rabin aikin. Abin da ya rage shi ne su riƙa rubuta sunan makaɗi, garinsa da shekarar naɗi, tun dattawan da suka san amsa suna raye.