Darasin Tsirrai a Wajen Aji: Inda Ake Kuskure

Makarantun sakandare da dama sun rungumi fita da ɗaliban kimiyya waje don nazarin tsirrai, kuma galibi tsarin ɗaya ne: a ɗauki hayar mota sau ɗaya a shekara, a kai yara gandun daji ko lambun wata jami'a, jagora ya yi ta jero musu sunayen Latin, a ɗauki hotuna, a dawo. Niyyar kyakkyawa ce, amma ilimin da ake samu kaɗan ne, domin tsiro ba ya nuna halinsa a yini guda.

Gawo ya isa misali. Yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar da rani, saɓanin sauran itatuwa. Wanda ya gan shi sau ɗaya ba zai taɓa sanin haka ba. Amma idan aka ba rukunin ɗalibai gawo guda kusa da makaranta, suna auna inuwarsa suna rubuta yanayin ganyensa duk bayan mako biyu, da kansu za su kai ga tambayar da ta dace: me ya sa geron da ke gindinsa ya fi na nesa kyau? Amsar ta haɗa hasken rana, ruɓaɓɓen ganye, kashin dabbobin da ke taruwa cin 'ya'yansa, da ƙwayoyin bakteriyar da ke saiwarsa masu samar da sinadarin nitirojin. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da gonakinsu tun daga shekarun 1980 ta hanyar rainon irin waɗannan itatuwa, don haka manomi ma malami ne da ya kamata a gayyato.

Lokaci ma sai an lura da shi. Dogon hutu yana cinye watan Agusta, saboda haka Satumba da Oktoba ne damar tumɓuke wake a yanka ƙulle-ƙullen saiwarsa a ga jan cikinsu, ko a tone gindin dawa a ga yadda wuta-wuta ke manne wa saiwarta tana tsotsa. Ɗalibin da ya zana waɗannan da hannunsa ba zai ruɗe ba ranar jarrabawar gwaji ta WAEC.

A fita da sassafe kafin rana ta yi zafi, kuma tun ranar farko a nuna wa yara tumfafiya mai farin ruwan da ke illata ido, da zaƙami mai guba.