Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Ke Yoyo

'Yan'uwana mata, kada ku ce wannan zancen maza ne. Namu ne, tunda 'ya'yanmu ke cikin ajin.

A 1988 gwamnatin Babangida ta haramta ASUU, ƙungiyar malaman jami'a. A 1993 kuma aka kafa dokar soja da ta hana malamai yajin aiki. Har yau akwai masu cewa wai malami ya riƙe allinsa, ya bar siyasa.

Ni kam ban yarda ba. Daga nan Boɗinga zuwa Shagari ai ba nisa. Ɗan garin, marigayi Alhaji Shehu Shagari, malamin makaranta ne tun kafin ya zama shugaban ƙasa a 1979. Malam Aminu Kano ma da shi aka kafa ƙungiyar malaman Arewa. Da an ɗaure musu baki fa?

Na san zafin yajin aiki, don na ga ɗiyata ta yi makonni tana zaman gida. To amma in iska ta yaye rufin aji, albashi ya maƙale, wa zai faɗa in ba malami ba? A biya shi hakkinsa mana, a ga ko zai bar aji.

Allah ya sa mu gane, amin.