Kotso, Kalangu da Fiyano: Shin Kowane Kiɗa da Kayansa?

A yawancin ɗakunan ɗaukar waƙa na Kano, abin da za ka tarar bai wuce fiyano ɗaya ba, da kwamfuta, da makirfo. Da su ake haɗa waƙar soyayya da safe, ta ɗan takara da rana, ta sarauta da yamma. Wannan ya sa wasu matasa ke ganin zancen a ce kowane kiɗa da kayansa tsohon yayi ne. Ni ban gama yarda ba, amma suna da hujja.

A da, kayan kiɗa shi ke faɗa maka wa ake yi wa kiɗan tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Kalangu na mahauta ne, dundufa ta maƙera, gangar noma ta manoma, garaya da goge kuwa 'yan bori sun fi jin su. Mata a cikin gida suna da ƙwarya da shantu. Fada tana da kotso da taushi, sannan tambari da kakaki, waɗanda ko kuɗinka sun kai ina ba za a busa maka kakaki ba in ba sarki ba ne kai. Ke nan akwai dalilin da ba na sauti ba ne sam, na iko ne da matsayi. Ibrahim Narambaɗa da waƙoƙin noma ya fara. Da ya zama makaɗin Sarkin Gobir na Isa, da kotso duniya ta san shi. Haka Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Kotson shi ne rigar aikin.

Amma akwai dalilin sauti ma, kuma shi ya fi jan hankalina. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da sauka suna canja ma'anar kalma. Kalangu yana da tsirkiyoyi da suka haɗa fatun bakinsa biyu. Makaɗi ya matse su a hammata murya ta hau, ya sassauta ta sauka. Da haka yake "magana", har ya kira ɗan dambe da takensa ba tare da an ambaci suna ba, jikin mutum ya ɗauki tsuma. Gangar da aka ɗaure fatarta da murya guda ba za ta iya wannan ba. Kotso da hannu ake kaɗa shi, sautinsa a natse, yana barin fili ga baitoci masu nauyi da amshin 'yan karɓi. Kakaki kuwa an yi shi ne don a ji daga nesa cewa sarki ya fito.

To sai ga Mamman Shata. Kalangun mahauta ya ɗauka, ya yi wa sarakuna waƙa da shi, ya yi wa direbobi, da attajirai, da sojoji, har ya rasu a 1999 bai sauya ba. Da wannan kalangun dai Ɗan Anace ya yi wa Shago kiɗan dambe, kuma babu mai kunne da zai rikita su biyun. Ɗanmaraya Jos ya fi su ƙarancin kaya: kuntigi, tsirkiya ɗaya tal a kan ɗan gwangwani da aka rufe da fata. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya zaga ƙasashe. Barmani Choge da ƙwarya ta cika filayen biki. Waɗannan sun nuna cewa salo yana hannun makaɗi da bakinsa fiye da yadda yake jikin itace da fata. (Sai dai a lura, ba kowa ne Shata ba, kuma masu kafa hujja da shi sukan manta shekarun da makaɗansa suka yi suna gogewa.)

Fiyano ya samu gindin zama ne a ƙarshen shekarun 1990, tare da finafinan Hausa. Ya sauƙaƙa abubuwa: yaron da bai gaji kiɗa ba, ba shi da ƙungiyar mutum goma da zai ciyar, yana iya fitar da waƙa cikin yini guda. Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa sun yi waƙoƙin sarauta a situdiyo, jama'a kuma sun karɓa. Abin da injin ya kasa shi ne sauraro. Makaɗin kalangu yana kallon fage, in ɗan wasa ya ja da baya ya canja take nan take, in mawaƙi ya ƙaro baiti ya bi shi. Kiɗan da aka riga aka ɗauka ba ya jiran kowa, mawaƙin ne ke binsa.

Saboda haka hukuncina ya rabu biyu. Waƙar da za a saurara a waya ko a mota, fiyano ya wadatar, in mai shi ya iya. Kiɗan da ake yi wa mutum ido da ido don ya motsa, na dambe, na gayya, na hawan salla, wannan sai da kayansa na asali. Da wuya ka ga sarkin da ya hau doki ranar salla aka kunna masa kakaki a lasifika.